Ra'ayinmu: Zama Ɗan Lutheran, Gado Ne Ko Bangaskiya?

A ranar 31 ga Oktoban kowace shekara, 'yan Lutheran na duniya kan tuna da Martin Luther, malamin addinin nan na Jamus da ya fitar da batutuwa 95 a garin Wittenberg a 1517, yana ƙalubalantar sayar da takardun gafarar zunubi. A Adamawa kuwa, watan yana da nasa tarihin: a Oktoban 1913 likitan nan ɗan ƙasar Denmark, Niels Brønnum, ya sauka Numan, inda aikin mishan da ya haifi ekklisiyar 'yan Lutheran ta LCCN ya soma. Bayan fiye da shekara ɗari, muna ganin ya dace a tambaya: me ke sa mutum ya zama ɗan Lutheran?

Wasu na cewa gado ne, kuma suna da hujja. A ƙasar Bachama da Mbula da Lunguda, akwai gidajen da tun daga kakanni a wannan ekklisiya aka yi musu baftisma, a nan aka ɗaura musu aure, a nan aka yi musu jana'iza. Makarantu da asibitocin mishan su suka ba dubban yara ilimi da magani. Duk wanda ya je taron shekara-shekara na ekklisiyar a Demsa, ya ga 'yan Zumuntar Mata sanye da zane iri ɗaya, suna kaɗa tulu suna rera waƙoƙi da Hausa, ya san wannan zumunci ba na baki ba ne. Ekklisiyar ta tsaya da ƙafafunta tun 1956, kuma a 2017 aka zaɓi babban bishop ɗinta, Musa Panti Filibus, shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya a Windhoek ta Namibiya. Mai irin wannan tarihi ba ya jin kunyar sunansa.

Wasu kuma, musamman matasan birni, na cewa sunan ɗarika ba shi da wani amfani. A ganinsu rigimar Turawa ce ta ƙarni na 16 aka jibga wa Afirka. Su ma ba su rasa abin faɗi ba. A 1999 'yan Lutheran da Katolika suka sa hannu a Augsburg kan matsaya ɗaya game da yadda Allah ke baratar da mai zunubi, wato ainihin batun da ya raba su tun farko. Shi kansa Luther ba waliyyi ba ne: ya goyi bayan sarakuna suka murƙushe manoma a 1525, ya kuma yi wa Yahudawa mummunan rubutu a 1543, wanda ekklisiyoyin Lutheran da yawa suka fito fili suka barranta da shi.

Sai dai ɓangarorin biyu sun bar jigon maganar a gefe. Koyarwar Lutheran a taƙaice take: ceto kyauta ce ta alherin Allah, ana karɓarsa ta wurin bangaskiya ga Almasihu, Littafi Mai Tsarki kuma shi ne ma'auni. Saboda haka Luther ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, ya kuma rubuta ƙaramin littafin tambaya da amsa a 1529 domin magidanci ya koyar da iyalinsa a gida. Ya kuma koyar cewa aikin manomi da na ungozoma hidima ce ga Allah kamar na fasto. Wannan koyarwa ba ta tsufa ba. A yau da ake yi wa talaka wa'azin ya shuka iri da kuɗinsa kafin ya ga albarka, ana sayar masa da mai da ruwan mu'ujiza, ƙorafin 1517 yana nan daram.

Ra'ayinmu shi ne, gado ƙofa ce ta shiga, amma bai isa ya zama shaida ba. Kyan ɗa ya gaji ubansa, to amma ya gaji abin da uban ya gaskata, ba kujerarsa a majami'a kaɗai ba. Muna kira ga shugabanni su mayar da hankali kan ajin baftisma da na tabbatarwa, su tabbata ekklisiya ba ta zama ƙungiyar ƙabila ba. Kuma tunda 'yan Lutheran na koyar da cewa ayyukan kirki don maƙwabci ake yin su, ba don sayen yardar Allah ba, to a Numan, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka a ƙarshen 2017, maƙwabcin nan ya haɗa da Musulmi da Bafulatani. Wanda ya san koyarwar, ya kuma nuna ta a gona da kasuwa da teburin sulhu, shi ne ɗan Lutheran, ko jiya ya shigo.