RA'AYINMU: A Rubuta Wa Kifin Ado Sunansa Na Gaskiya



A manyan garuruwa akwai shagunan da ake sayar da kifin ado, wanda ake ajiyewa cikin akwatin gilashi a falo ko a ofis. Mu a ƙungiyar 'yan jarida muna ganin akwai gyara a wannan sana'a. Sunayen da ake sayar da kifayen da su suna ruɗar mai saye, kuma kifin ne yake shan wahala daga baya.

Akwai wani kifi mai launin azurfa da ake kira "shak na Bala". Ba shak ba ne, kuma ba na wani Bala ba ne! An gutsuro sunan ne daga sunansa na kimiyya, Balantiocheilos melanopterus. Asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya yake, kuma ba a teku yake rayuwa ba, a kogi ne. Ana sayar da shi ɗan ƙarami kamar yatsa, amma yana iya kai tsawon santimita 35, ya fi rula ta aji. Ga shi ba ya son zama shi kaɗai, sai cikin garke.

Akwai kuma wanda ake kira "shak mai ƙyalli". Shi ma ba shak ba ne. Dangin tarwaɗa ne daga kogin Mekong, sunansa Pangasianodon hypophthalmus, kuma yana iya wuce mita ɗaya a tsawo. Wane akwatin gilashi ne a falo zai ɗauki wannan? Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Idan mutum bai san ainihin kifin da ya saya ba, ba zai san abincinsa ba, ba zai san girman da zai yi ba, ba zai san ko zai cinye sauran kifayen ba. Kifin zai takura ya mutu, kuɗi sun tafi a banza. Wani kuma idan kifin ya fi ƙarfin akwatin sai ya kai shi rafi ya sake. Wannan ya fi muni. Akwai kifi mai tsotsar gansakukar jikin gilashi da ake kira "fileko", ɗan asalin Kudancin Amurka. Nau'o'i da yawa ne suke amsa wannan suna, wasu ƙanana, wasu suna kai rabin mita. An sake su a kogunan jihar Florida ta Amurka da kogin Marikina na ƙasar Filifin, suka hayayyafa, suna haƙa ramuka a gaɓar ruwa suna takura wa kifayen wurin.

Ko a Hausa muna da irin wannan. Giwan ruwa ba giwa ba ne. Karfasa ba nau'i ɗaya ba ce, haka ma kurungu. Masunci ya san abin da yake nufi, amma baƙo zai iya rikicewa. Shi ya sa masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya tsara wa dabbobi suna mai kalma biyu a littafinsa na shekarar 1758. Kalmar farko ta dangi ce, ta biyu ta nau'i. Ko a Kano, ko a Landan, ko a Bankok, sunan ɗaya ne.

Wani zai ce sunayen Latin suna da wuyar faɗa, mai shago ba zai iya ba. Gaskiya suna da wuya. Amma ai ba mu ce ya rera su ba, rubutawa kawai zai yi. Mu da muka haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai goma sha ɗaya har da na benci, kalma biyu ce za ta gagare mu?

Don haka muna kira ga masu shaguna su manna takarda a jikin kowane akwati da abu uku: sunan kimiyya, girman kifin idan ya girma, da abincinsa. Mai saye kuma kada ya biya kuɗi sai ya tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Idan mai shago bai sani ba, a duba sunan a intanet, a gwada hoto da kifin. Kada kuma kowa ya saki kifin ado a kogi ko dam.

Muna roƙon malamanmu na kimiyya su riƙa ba mu misali da irin waɗannan kifaye a aji, mu ga cewa sunan kimiyya ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Kifi ba ya magana, amma yana da haƙƙi a kan wanda ya kulle shi cikin gilashi.

Daga ƙungiyar 'yan jarida, ƙaramar sakandare, aji biyu.