Ƙanƙara garau ba ita ce mai tsabta ba

Zafi ya kankama, kasuwar ƙanƙara ta buɗe, ga kuma wata magana tana yawo: wai wadda ta fito garau kamar gilashi ita ce mai tsabta, sai a tsuga mata kuɗi. Zancen banza ne!

Farin nan na tsakiyar ƙanƙarar leda iska ce da gishirin ruwa. Sanyin firigo na kama ledar ta kowane gefe, sai su taru a tsakiya. Mai son garau ya zuba ruwa a ƙaramar kula, ya sa ta firigo ba murfi, kamar awa 24. Daga sama take daskarewa, farin ya gangara ƙasa, a sare shi. Shi ke nan asirin.

To amma sanyi ba ya kashe ƙwayar taifot. Gurɓataccen ruwa ma yana ba da garau, ya narke cikin zoɓon ɗanka.

Don Allah kar a biya don ƙyalli. Ku tambayi mai saidawa: ruwan ina ne? An tafasa shi? Ledar, da baki aka hura ta? In ya ɗau zafi, ka maida kuɗinka aljihu.