Ɗanyen Tumatir da Kauɗa: Wasiƙa ga Marubuta, Mawaƙa da Masu Zane na Ƙasarmu

Ƙannena da 'ya'yana na Makarfi, Ikara da Kudan,

Daga Gubuchi nake rubuto muku. Abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami wani littafi ne da wani yaronmu ya kawo mini in duba masa. Hausarsa tsaf, labarin kuma da daɗi, amma daga shafin farko har na ƙarshe ban ji ƙanshin garinmu ba. Saurayin a Abuja yake, budurwar a Dubai take karatu. Shi kuwa marubucin a gonar rake ya tashi, ya san yadda ganyen rake ke tsaga fatar hannu, ya sha hayaƙin wurin dafa mazarƙwaila. Na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Baba, wa zai karanta labarin manomi?" Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Wa ya ce ba za a karanta ba? Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba a ko kallonsa a tasha, kuma har bayan rasuwarsa a 2015 ana saurarenta. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ba ta je nesa neman Alhaki Kuykuyo Ne ba, cikin gida ta duba ta ga halin da uwargida ke shiga idan miji ya juya mata baya. Littafin ya kai har an fassara shi zuwa Turanci, an buga shi a Indiya.

Ku tuna 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Jaridu sun ba da labarin tsadar kwando a Legas. Amma wa ya rubuta daren manomin Hunkuyi da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa, ya wayi gari ganye ya ƙone ƙurmus? Wa ya rubuta matarsa, wadda aka ɗaga auren 'yarta? Haka farkon 2023, da takardun kuɗi suka ɓace ana tsakiyar kakar tumatir. Da idona na ga dattijo zaune gefen kwandunansa, ga mai saye, ga kaya, babu tsaba, shi kuma ba shi da asusun banki. Kafin la'asar ruwa ya fara tsiyaya daga ƙasan kwando. Duk wanda ke son ya bayyana abin da manufar Abuja ke yi wa talaka, ga shi nan a gabansa, ba sai ya ari bakin masu sharhi a rediyo ba. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara ma, da yadda ya yi ta tashi yana kwanciya, ya isa littafi guda.

Na san yawancinku yanzu a waya kuke rubutu, a Facebook da WhatsApp da TikTok, kuma ban ga laifin haka ba. Damuwata gaggawa ce. Abu ya faru da safe, kafin azahar an yi masa waƙa, kafin sati an manta da shi da waƙar. Wannan ɗanyen tumatir ne, kwanansa kaɗan. Iyayenmu mata kuwa yanka shi suke yi, su shanya, su jure juyawa da korar awaki, ya zama kauɗa, a yi miya da shi cikin damina lokacin da ɗanye ya gagara. Ku riƙa shanya labari. Ku bar fushin farko ya huce, ku je ku zauna da wanda abin ya shafa, ku ji ta bakin dillali kamar yadda kuka ji ta manomi, domin shi ma yana da nasa kukan. Malam Sa'adu Zungur ya rasu tun 1958, amma har gobe ana nazarin Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, saboda ya yi dogon tunani a kan makomar ƙasa kafin ya ɗora baiti.

Ku mawaƙa, ba zan ce kada ku yi wa ɗan siyasa waƙa ba. Kuna da iyali, kuma roƙo tsohuwar sana'a ce mai ƙa'idojinta. Abu ɗaya nake roƙo: kada ku ce ya yi abin da bai yi ba. Ran da guguwar zaɓe ta lafa, ku ne za ku ci gaba da haɗuwa da mutanen nan a masallaci da wurin jana'iza.

Masu zane kuma, tarihinku na nan kusa, a Zariya. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya, suka ce za su karɓi dabarun Turawa amma da idon gida za su yi zane. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Ku kuwa, ga dagi, ga aska takwas a wuyan riga, ga zanen da magina ke yi a fuskar soro, wanda siminti ke shafewa a gaban idonmu. Ko hotonsu ku ɗauka kafin ragowar su rushe.

Shi dai yaron nan na mayar masa da littafinsa, na ce idan sanyi ya shigo aka fara saran rake ya zo mu kwana biyu a wurin masu matsar rake. Akwai wani tsoho a cikinsu da ya yi zamanin da doki ke juya injin, kuma ƙarfin tsohon ya fara ja baya. Duk wanda ke so a cikinku ya biyo mu, ya taho da takarda da biro.

Wassalam,
Naku, daga Gubuchi.