Aya ɗaya ta isa yini guda: zare a kan bimbini

1/ 'Yan uwana matasa Kiristoci, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Ayoyin da muke ɗorawa a sitatus sun fi waɗanda muke zama mu yi bimbini a kansu yawa, nesa ba kusa ba. A ra'ayina, aya ɗaya da ka tauna tun safe har dare ta fi sura goma da ka karanta a guje. Ku biyo ni.

2/ Ni ɗalibi ne a ABU, harabar Kongo, kuma a Gyallesu nake haya kamar ɗalibai da yawa. Na san yadda ranarmu take: lacca ƙarfe takwas, layin ɗiban ruwa, neman wurin caji in NEPA ta ɗauke, ga jarrabawa na tafe. Don haka ba zan ce ka ware awa biyu kullum ba.

3/ Mu fara da lissafi. Littafi Mai Tsarki mai littattafai 66 yana da surori 1,189. In kana so ka sauke shi a shekara, sai ka karanta sura uku zuwa huɗu kullum. Abu ne mai kyau, a yi. Amma ka tambayi kanka da azahar: me na karanta da safe? In ba ka iya tunawa, ido ne kawai ya wuce ta kai.

4/ Haka manhajar YouVersion. Tana ƙirga maka kwanakin da ka jera kana buɗe ta, har mutum ya riƙa jin tsoron kada lissafin ya yanke. To waya ta san ka buɗe. Ba ta san ko ayar ta hana ka zagin abokin ɗakinka da ya cinye maka taliya ba.

5/ Mene ne bimbinin? A Zabura 1:2 da Joshuwa 1:8, kalmar Ibrananci ita ce "hagah". Ma'anarta ka riƙa maimaita magana ƙasa-ƙasa, leɓe na motsi. Kalmar ce aka yi amfani da ita a Ishaya 31:4 wajen gurnanin zaki a kan abin da ya kama. Ka ga zaki ba ya gaggawa, ba ya kuma sakin naman.

6/ Mu da muke zaune a Zariya ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan. Kullum muna wuce makarantar allo. Yaro zai ta maimaita abin da aka rubuta masa da murya har ya zauna a ka, sannan a wanke allon a ƙara masa. Maƙwabtanmu Musulmi sun riƙe wannan horo, kuma ina ganin girmansu a kai.

7/ Ba ina cewa addinin ɗaya ba ne, kowa ya san abin da ya gaskata. Cewa nake maimaita nassi da baki har ya shiga jiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma yana nan cikin Littafinmu. Zabura 119 mai ayoyi 176 an kasa ta kashi 22, kowanne aya 8, bisa jerin haruffan Ibrananci. Tsari ne mai sauƙaƙa hadda.

8/ Wani zai ce, "Ai bimbini yoga ce, ta mutanen Indiya." A'a. Kai Kirista abin da ke gabanka rubutacciyar magana ce, da Mai maganar. Kana juya ta, kana tambayarta, kana amsa wa Ubangiji. Luka 2:19 ya nuna Maryamu tana ajiye abubuwan da suka faru a zuciya tana juya su. Shi ke nan fa.

9/ Wani kuma ya ce na 'yan Katolika ne. E, a ƙarni na 12 wani mai zaman zuhudu a Faransa, Guigo na Biyu, ya tsara matakai huɗu: karatu, bimbini, addu'a, sai natsuwa a gaban Allah. Amma Martin Luther ma a 1535 ya rubuta wa mai yi masa aski yadda zai ɗauki nassi kaɗan-kaɗan ya mai da shi addu'a.

10/ Mai aski fa, ba fasto ba. Saboda haka ko kai ɗan ECWA ne, ko Angilikan, ko Baptis, ko Katolika, gadonka ne. Magabatan Ikilisiya sun kwatanta abin da tuƙar saniya: ta ci ciyawa da safe, ta kwanta a inuwa ta dawo da ita tana sake taunawa. Duk wanda ya taɓa kiwo ya gane.

11/ Ga wani abin da ya kamata ya sa mu ji nauyi. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga baya mishan ta koma Wusasa inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa a 1929. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa.

12/ Shekaru aka kwashe, shi da Hausawan da suka yi aiki tare, ana auna kalma ɗaya-ɗaya. Yau fassarar Hausa tana cikin wayarka kyauta, amma da yawanmu Turanci kawai muke karantawa. Gwada ayar da ka saba ji da Turanci ka karanta ta da harshen da mama ke yi maka faɗa da shi. Za ka ji bambanci.

13/ Yanzu ga inda abin ya fi damuna. Ayar da ba a tauna ba, da sauri take zama dutsen jifa. An ɓata da ƙawa, sai a nemo Zabura mai maganar maƙiya a ɗora a sitatus. An yi musu da wani a Facebook, sai a jefe shi da aya. Wannan habaici ne, ko da an rubuta "Amin" a ƙasa.

14/ Bimbini yana juya ayar ta fuskance ka. Ɗauki labarin Basamariye a Luka 10. Wani masanin Attaura ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa. A labarin, firist da Balawe suka ga wanda 'yan fashi suka yi wa rauni suka wuce. Wanda ya tsaya mutum ne daga al'ummar da Yahudawa ba sa ga maciji da ita.

15/ Karanta shi a guje, za ka ce "a taimaki mutane" ka rufe. Zauna da shi kwana uku a Gyallesu, sai tambayoyi su taso. Wa nake kauce wa a layinmu? Wa ya ba ni bashin gari a shago ranar da kuɗin gida bai iso ba, alhali ba addininmu ɗaya ba? Ni ne Basamariyen, ko ni ne na kwance a hanya?

16/ Unguwar nan ta san farashin tashin hankali. Duk ɗan Zariya yana tuna Disambar 2015, lokacin arangamar sojoji da mabiya Sheikh Zakzaky, da rayukan da suka salwanta. A irin wannan wuri, abin da ka tura a guruf da yadda ka amsa baƙar magana ba ƙaramin abu ba ne.

17/ Shi ya sa nake cewa bimbini ba na masu lokaci kaɗai ba ne. Wanda ya yini yana juya Yaƙub 1:19, ayar da ke maganar sauraro da riƙe harshe da fushi, zai yi wuya ya tura jita-jita ba tare da ya bincika ba. Ayar za ta riga yatsansa isa.

18/ Ga yadda nake yi, ka ɗauka ko ka gyara:
a) Kafin in kunna data, in karanta sashe gajere da murya, sau biyu.
b) In zaɓi aya ɗaya, in rubuta da biro a bayan littafin lacca.
c) In tambaya: me ta nuna game da Allah? Me take nema daga gare ni yau?
d) In mai da ita addu'a, sannan in yi shiru kaɗan.

19/ Minti goma ne. Sauran aikin a hanya ake yi: a ƙafa zuwa Kongo, cikin motar Samaru, a layin mai shayi, wajen wanki. Ka maimaita ta a ranka. Da dare ka tambayi kanka a ina ta tsare ka yau, a ina kuma ka tsallake ta.

20/ Gargaɗi ɗaya: kada ka tsinko aya ita kaɗai ka gina mata ma'anar da ranka ke so. Karanta abin da ke gabanta da bayanta. Wa ke magana, da wa, a kan me? Abin da ya shige maka duhu ka kai wa fasto ko 'yan uwa a zumunta. Jin daɗin aya ba shi ne fahimtarta ba.

21/ Kuma akwai ranakun da ba za ka ji komai ba. Babu hawaye, babu tsikar jiki. Ba laifi. Ba kowane tuwo kake tuna ɗanɗanonsa ba, amma shi ya kawo ka yau. Sannu ba ta hana zuwa.

22/ In ba ka san inda za ka fara ba, Karin Magana sura 31 ne, ɗauki surar da ta dace da kwanan wata ka zaɓi aya ɗaya. Ko Markus, sura 16 kawai, ka bi shi a hankali har ƙarshen zango. Gwada mako guda ba tare da ka ɗora ayar a sitatus ba. Ranar Lahadi ka dawo nan ka faɗa mana me ta sa ka yi, ko me ta hana ka. Ubangiji ya taimake mu.