Batir rumbu ne: kada ka bar shi ba mai tsaro



An kai amfanin gona gida, an sayar da wake, masu albasa kuma suna jiran nasu. Yanzu ne kuɗi ke shiga aljihun manomi, yanzu ne kuma mutum ke cewa bana sai na sa kuran na rana a gidana. Madalla. Wannan ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1968 aka fara kunna telen makaranta da hasken rana a ƙasarmu, kuma malami Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana shugabantar ofishin aikin rana na ONERSOL. An buɗe tashar Malbaza a 2018, ta Gorou Banda a 2023. Amma wayar NIGELEC ba ta kai ƙauyuka da dama ba. Can, kowa shi ke haɗa nashi.

Kaya uku ake saye: faifan rana, wanda muke ce ma fano, batir, da wani ɗan akwati da ake sawa tsakaninsu, sunansa regilatar. Mai saye ya kan zuba kuɗinsa ga babban fano, don shi ake hange bisa soro. Ya nemi batir mai araha. Ɗan akwatin kuwa ya ce ba ya bukata. Ni a ganina wannan juya gaba baya ne.

Fano gona ce. Batir rumbu ne. Regilatar shi ne mai riƙe da mabuɗin rumbu: idan ya cika ya hana a ƙara, idan hatsi ya yi ƙasa ya hana a ɗiba. Fano mai kyau yana kai shekara 20 yana aiki. Batir kuwa, idan aka wulaƙanta shi, ko damina biyu ba ya gani. Shi ne abin da za ka sake saye, ka kuma sake saye. To, shi ya kamata a tsare.

Duba bayan ƙaramin fano. An ce na batir mai bolt 12 ne, amma za ka ga an rubuta wajen 18V. Idan ka haɗa shi kai tsaye, da tsakar rana batir ya riga ya cika, fano kuwa bai daina tura masa wuta ba. Ruwan batir ya dinga tafasa, ya ƙafe, farantan dalma na ciki su lalace. Da dare kuma ba mai cewa ya isa, sai a sha shi har ƙasa. Da rana a ƙona shi, da dare a tatse shi. Ina zai kai?

Regilatar iri biyu ne a kasuwa. Haruffan suna jikin akwatin, kai da ka yi karatun yaƙi da jahilci za ka iya karanta su da kanka: PWM da MPPT.

PWM shi ne mai sauƙin kuɗi. Aikinsa kamar mai buɗe ƙofa da rufewa ne. Yana jawo ƙarfin fano ya sauko daidai da na batir, abin da ya yi saura ya tafi a banza. MPPT ya fi wayo, ya kuma fi tsada. Shi yana karɓar rarar bolt ya mayar da ita wutar da ke shiga batir.

Mai shago zai ce maka MPPT ya fi. Gaskiya ne, amma ba ga kowa ba. Idan fanonka ƙarami ne, wat 100 ko 150, irin mai 18V, bambancin ba shi da yawa. Dalili kuwa zafin ƙasarmu: fano idan ya ɗauki zafi, bolt ɗinsa na raguwa, rarar da MPPT zai tsinta ba ta taka kara ta karya ba. A irin wannan gida PWM na gaskiya ya isa. Kuɗin da ka rage, ka ƙara su ga batir.

Babban fano kuwa wata magana ce. Su ne suka cika kasuwa yanzu, wat 300 ko fiye, kuma suna ba da bolt 30 zuwa 40. Mu yi lissafi. Fano mai wat 300 yana ba da wajen amper 9. Idan ka sa masa PWM da batir mai bolt 12, abin da zai shiga shi ne 9 sau 13, wato wajen wat 120. Ka biya kuɗin 300, kana cin 120. Tamkar ka nome gona mai dami 30 ne, ka kai 12 gida, ka bar sauran ga tsuntsaye. A nan MPPT dole ne.

Sai dai a yi hattara. Akwai akwatunan da aka rubuta ma MPPT alhali cikinsu PWM ne. Na gaskiya yana da nauyi, don akwai naɗin wayar tagulla a ciki, da ƙarfe mai tsaga-tsaga a baya na fitar da zafi. An kuma rubuta iyakar bolt ɗin fano da yake ɗauka, kamar 75V ko 100V. Idan ka ɗaga ka ji shi sakayau, kuɗinsa kuma kusan ɗaya da na PWM, ka ajiye musu kayansu. Araha ba ta ado. Ka dubi yawan amper ma: fano mai wat 150 yana ba da 8 zuwa 9, saboda haka regilatar mai amper 10 ya yi kan iyaka, gara mai 15 ko 20.

Yanzu batir. Wanda aka fi ɗauka shi ne na mota ko na kamyo, wani lokaci ma tsoho. An yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido, inji ya tashi, ya sake cika nan take. Farantansa sirara ne. Ba a yi shi don a sha shi dare duka ba. Batir na rana farantansa masu kauri ne, yana jure ɗiba da mayarwa kullum. Akwai mai marfi, wanda ake ƙara ma ruwa. Akwai rufaffe, wanda ake ce ma jel. Rufaffen ba ya son wahala, amma idan wuta ta yi masa yawa ya bushe, ba gyara. A ƙauye, ga mutum mai kula da kayansa, na fi son mai marfi. Duk wata ka buɗe ka duba. Idan ruwa ya yi ƙasa, ka ƙara tataccen ruwan batir da ake sayarwa a kwalba. Ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid.

Doka ɗaya ce ta fi duka: batir na dalma ba a sha fiye da rabinsa. Rabi na ci ne, rabi iri ne. Wanda aka rubuta ma 12V 100Ah yana riƙe da 12 sau 100, wato 1.200. Naka 600 ne. Ampul 4 masu wat 5, awa 5: 100. Tele mai wat 40, awa 4: 160. Fanka mai wat 20, awa 8: 160. Cajin salula 5: wajen 50. Duka 470. Ya isa, fano mai wat 150 kuma zai iya mayar da su a yini mai rana. Ka ƙara firigo, lissafi ya rushe.

Regilatar mai kyau yana yanke wuta idan batir ya yi ƙasa. Sai yara su yi kuka ana cikin kallo, maigida ya tashi ya haɗa tele kai tsaye ga batir. Don Allah a bar wannan. Ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi. Idan akwatinka na nuna lamba, ka duba da asuba bayan an kashe komai: 12,6 cike yake, 12,1 ya kai rabi, ƙasa da 12, an ci iri.

Batir na lityom fa? Irin da aka rubuta ma LiFePO4 ba shi da nauyi, ana iya shan kashi 8 cikin 10 na wutarsa, kuma yana jure cikawa da ɗiba sau dubbai, inda na dalma ke yin ɗaruruwa ko dubu da wani abu. Kuɗinsa na farko ne ke da zafi. Ga mai shagon cajin salula, ko ƙungiyar mata mai firigo, wadda ke aiki kullum, shi ya fi riba idan aka lissafa shekaru. Amma sai da regilatar da ya san lityom, sai kuma daga hannun mai shagon da zai ba ka takardar garanti, wanda ka san inda za ka same shi baɗi.

Zafi abokin gaban kowane batir ne. Awon da masu ƙera shi ke yi na digiri 25 ne, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanan na dalma biyu. Mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40. Kada ka ajiye shi ƙarƙashin rufin kwano. Ɗakin ƙasa mai iska ya fi, bisa katako, nesa da murhu da fitilar kananzir, don iskar da ke fita daga gare shi tana kama wuta. Wajen haɗawa, batir ake fara sa ma regilatar, sa'annan fano. Fano ya dubi kudu, a ɗan kishingiɗe. Lokacin hunturu ƙura na rufe shi: a share da safe da tsumma mai laushi.

Masu lambu, ku ma ga taku. Famfon ban ruwa na rana ba ya bukatar batir. Yana da nashi akwati, yana aiki muddin akwai rana. Kuɗin batir ku gina kwarmin siminti da su, ruwan ya taru da rana, ku yi ban ruwa da maraice.

Batir da ya mutu kuma, kada a fasa shi a tsakar gida, kada yara su yi wasa da shi. Dalma guba ce. Masu sayen tsofaffin batir suna ba da kuɗi. A kai musu shi a rufe, yadda yake.