Cire ‘indomin’ mota: An bar jaki ana dukan taiki

Duk wanda ya tsaya da safe a mahaɗar Command, ko ya bi hanyar Kachia ta Sabon Tasha, ya san warin ɗanyen fetur da ke bin tsofaffin a-kori-kura da ƙananan motocin ɗaukar kaya. Su ne ke jigilar bulo, ruwan leda da kayan gwari tsakanin Kakuri, Barnawa, Television da Gonin Gora. Wannan wari kuɗi ne ke fita ta salansa, kuma tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, asarar ta daina zama ƙarama. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin ’yan kwanaki, sannan ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024.

Maganin da ya zama ruwan dare a garejinmu shi ne cire abin da makanikai ke kira ‘indomi’, wato matatar hayaƙi da ke jikin bututun salansa. Cikinta tamkar saƙar zuma yake, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke sauya iskar guba zuwa mai ƙarancin illa. Tsadar ƙarafan ce ta sa ake samun masu saye da zarar an cire ta.

Sai dai ba kasafai matatar kan mutu haka kawai ba, kashe ta ake yi. Injin fetur na buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. Idan mai ya rinjayi iska, wani ɓangarensa ba ya ƙonewa a cikin inji, sai ya gangara ya ƙone a cikin matatar, har zafi ya narkar da ita ta toshe. A nan ne direba zai ga mota ta kasa hawa tudu da kaya. Idan aka fasa matatar ƙarfi yakan dawo, kowa ya ɗauka an gama. Alhali abin da ya kashe ta yana nan, yana ci gaba da shan mai.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: baƙin hayaƙi, fulogi mai baƙin kunkunniya, warin ruɓaɓɓen ƙwai, da bakin mai da ke warin fetur. Musabbabin kuwa yakan kasance nozul mai yoyo, na’urar auna iskar oksijin da ta tsufa, fulogin da ba ya ba da wuta, ko matatar iska da ƙurar hunturu ta cushe. Akwai kuma al’adar cire na’urar daidaita zafin inji a haɗa fanka kai-tsaye. Injin da bai kai zafinsa ba, ƙwaƙwalwar mota kan ɗauka yanzu aka tayar da shi, sai ta yi ta ƙara masa mai.

Kudancin Kaduna ba baƙon aikin mota ba ne. A Kakuri kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma makanikai da dama sun ƙware ne a kan 404 da 504 masu kafireta, waɗanda ake saitawa da kunne da sukundireba. Motocin da suka gaje su, ’yan Kwatano da Beljiyam, kwamfuta ke raba musu mai. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci kafar da ake jona na’urar bincike. Lambar P0172 na nufin mai ya yi yawa, P0420 kuma matatar ta gaza. Bakaniken da ya ga ta biyun bai nemi ta farkon ba, ya yi rabin aiki.

Ba za a ɗora wa makanikai da direbobi laifin duka ba. Sabuwar matata ta asali ta fi ƙarfin mai motar haya. Wasu motocin ma babu ita suke shigowa, kamar yadda rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna. Shi kansa man yana da nasa rabon: Najeriya ta daɗe tana shigo da mai mai yawan sinadarin sulfa, wanda ke dakushe matatar, kuma a Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai gaurayen methanol daga Beljiyam. Ƙungiyar ECOWAS ta amince a 2020 da tsauraran ƙa’idojin mai da hayaƙin mota, amma ƙa’ida a takarda ba ta tace iska.

Wanda ke biyan sauran kuɗin shi ne mai tallan bakin titi da ɗalibin da ke jiran mota. A alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016, Kaduna ce ta biyar a duniya wajen yawan ƙura da ƙwayoyin hayaƙi a iska. Ƙurar hunturu na da babban kaso a ciki, to amma hayaƙin mota ne ɓangaren da ke hannunmu.

Saboda haka gyara ya kamata ya fara daga gareji, kafin a zo ga tara. Ƙungiyoyin makanikai za su iya mallakar na’urar bincike ta haɗin gwiwa, gwamnatin jiha ta taimaka da horo, sannan hukumar KASTLEA ta sa gwajin hayaƙi cikin binciken lafiyar mota. Shi kuwa mai mota, kafin ya yarda a taɓa masa salansa, tambaya ɗaya ta wajaba ya yi wa bakanike: me ya kashe matatar?