Ra'ayinmu: Lafiya Uwar Jiki, Amma Darasinta Ya Zama Maraya

A cikin shekarar 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar sabuwar manhajar makarantu, a cikinta kuwa darasin kiwon lafiya da motsa jiki ya sake bayyana da sunansa a jerin darussan firamare. Kafin wannan, tun gyaran manhajar da aka fara aiki da shi a 2014, an cusa shi ne cikin buhu ɗaya tare da kimiyya da fasaha da ilmin kwamfuta, aka ɗaure bakin buhun da suna guda. Wannan mujalla tana maraba da dawowarsa. Sai dai fa rubuta sunan darasi a takarda abu ne mai sauƙi. Tun Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ake ambatonsa cikin takardun gwamnati, amma duk wanda ya leƙa makarantun firamarenmu ya san irin riƙon da ake yi masa.

A makarantu da yawa shi ne darasin da ake jefawa ƙarshen jadawali, lokacin da rana ta take, yara sun galabaita. In jarrabawa ta ƙarato, shi ake fara yankawa a ba malamin lissafi lokacinsa. Inda aka yi ƙoƙari, sai malam ya wurga wa samari ƙwallo ya koma gindin dalbejiya, 'yan mata kuwa a ba su tsintsiya, ko a bar su zaune suna kallo. A wani wurin ma a allo ake gama wasan, watau yara su kwafe tsawon filin ƙwallo da fāɗinsa cikin littafi, su haddace, su ci jarrabawa, alhali ƙafarsu ba ta taɓa taka filin ba. Ga makarantun kuɗi da ake buɗewa cikin gidajen haya, waɗanda ba su da ko tsakar gidan da yaro zai miƙe ƙafa. Ga kuma filayen makarantun gwamnati a manyan garuruwa, da ake ta yanka gefensu ana gina kantuna.

Iyayenmu da suka yi makarantar elementare suna ba da labarin wani tsari dabam. Kowace safiya sai an jera yara an duba farce da haƙori da gashin kai, a nemi mai ƙazuwa ko makero a tura shi wurin magani, sa'an nan a yi atisaye kafin a shiga aji. A cikin gari kuwa ga duba-gari, yana shiga gida gida, yana buɗe randa da leƙa masai, Makarantar Tsabta ta Kano tana horar da irinsu. Ba mu ce zamanin nan ba shi da aibu ba, domin bulala ta yi yawa cikinsa, yaran da ke makaranta kuma 'yan kaɗan ne. Da aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka kwararo fiye da yadda aka shirya musu, aka horar da malamai cikin gaggawa, aji ɗaya ya cika ya batse. A cikin wannan turmutsitsi abin da ya fara salwanta shi ne abin da jarrabawa ba ta matsa tambaya a kai ba.

To, me aka yi hasara? Bari mu ɗauki misalin kurkunu, cutar da yawancin ɗaliban wannan jami'a ba su taɓa gani da idonsu ba. A ƙidayar da aka yi a 1988 an sami mutum fiye da 650,000 da ke fama da ita a Nijeriya. Tana kwantar da manomi daidai lokacin da gona ke bukatarsa, ta hana yaro zuwa makaranta wata da watanni. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi kuma da ƙwayar maganin da ke kashe shi. Da me aka yaƙe shi? Da rijiyoyi masu tsabta, da maganin da ake zubawa a tafki, amma mafi girma duka da koyarwa: a tace ruwa da ƙyalle kafin a sha, mai tsutsa a ƙafa kada ya shiga tafkin da jama'a ke ɗiba. Janar Yakubu Gowon da ma'aikatan Cibiyar Carter sun bi ƙauyuka suna nanata wannan magana. A 2008 aka ga mai cutar na ƙarshe a ƙasar nan, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Duk abin da aka koya wa jama'a har aka ci wannan nasara bai fi ƙarfin ɗan aji uku ba.

Akwai sauran cututtuka da ke jiran irin wannan darasi. Tsargiya tana nan a garuruwan da ke bakin madatsun ruwa da gonakin rani, har a wasu wurare ana ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara zama namiji. Yaron da aka zaunar aka bayyana masa cewa mai cutar ne ke zuba ƙwan tsutsar cikin ruwa ta hanyar fitsari, tsutsar ta girma jikin katantanwa, sa'an nan ta huda fatar mai wanka, zai san dalilin da ya sa ake hana shi fitsari a kududdufi, zai kuma karɓi maganin da ake rabawa a makaranta ba tare da gudu ba. Haka kwalara, wadda a 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, jihohin Arewa kuwa su suka fi jin jiki. Wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida, da rufe abinci, da sanin haɗa ruwan gishiri da sukari, watau rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokula shida na sukari cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abubuwa ne da ke raba mutum da kabari. Yarinyar da ta koyi wannan a aji huɗu ita ce mai goyon ƙaninta yau, ita ce uwa gobe. Lissafin da yaro ya koya sai bayan shekaru gidansu zai ci amfaninsa, amma darasin tsabta da yamma yake isa gida, ya shiga randa da tukunya.

Mun ga zahiri a 2014, sa'ad da cutar Ebola ta shigo Legas, da kuma 2020 lokacin annobar korona. Nan da nan bokitai da sabulu suka bayyana a ƙofar makarantu, kowane yaro ya iya wanke hannu. Da tsoro ya wuce, bokitan suka ɓace. Abin da tsoro ya koyar, tsoro ke tafiya da shi. Ɗabi'a kuwa sai an dasa ta kullum, tun icce yana ɗanye.

Game da motsa jiki, mun san abin da wasu za su ce: ai yaranmu ba su rasa wahala ba, ga noma, ga ɗiban ruwa, ga talla, wane tsalle-tsalle kuma za a ƙara musu? Maganar tana da ƙamshin gaskiya a karkara, ko da yake ɗaukar kaya mai nauyi a ka dabam yake da wasan da ke buɗe ƙirji ya ƙarfafa gaɓoɓi. Amma a dubi yaron birni na yau. Daga gida a sa shi a mota ko a-daidaita-sahu, ya zauna a aji har azahar, ya wuce Islamiyya ya zauna, ya dawo ya zauna gaban talabijin ko wayar hannu har barci ya kwashe shi. Dandalin da ake wasan dare a hasken farin wata ya zama gareji ko shago. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ƙa'idojinta na 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa zufa a kowace rana. Binciken da masananta suka fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun haka, 'yan mata kuma sun fi samari rashi. Hawan jini da ciwon sukari, waɗanda dā ake kira ciwon masu kuɗi, yanzu babu unguwar da ba su shiga ba, zaman wuri ɗaya kuwa yana cikin abubuwan da ke share musu hanya.

Bayan lafiyar jiki akwai tarbiyya. A fili ne yaro ke koyon jiran layinsa, da bin hukuncin alƙalin wasa ko da bai yi masa daɗi ba, da miƙa hannu ga wanda ya kayar da shi. Al'ummar da ke kuka da daba da shaye-shayen matasa ya kamata ta tambayi kanta ina ta tanadar wa ƙarfin yaro ya tafi. Ruwan da ba a yi wa magudana ba, shi zai nemi hanyarsa, ta cikin gidan mutane kuwa zai bi.

Sai maganar 'yan mata, wadda ake yawan kewaye ta. Wasu iyaye suna ƙin wasan ne don gudun tsiraici da cuɗanya, wannan damuwa kuwa abar girmamawa ce, tana kuma da magani: malama mace, da wuri mai shinge, da sutura ta mutunci. Addini bai hana mace motsa jiki ba, ga shi ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Haka kuma yarinyar da ta kusa balaga tana da haƙƙin a koya mata tsabtar al'ada da abincin da ke ƙara jini daga bakin malamar da ta sani, maimakon ta tsinci labarin a bakin ƙawaye.

Masu cewa babu kuɗi kuma, muna tambayarsu: nawa ake sayen kayan langa? Nawa ne kuɗin gaɗa, ko tsallen igiya, ko kokawa a kan yashi? Langa da kokawa da dambe sun sami shiga Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, wanda ya yi nasara a ba shi takobi, ƙasa duka ta tsaya tana saurare. Abin da muka gāda ya isa a fara da shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin da ya san aikin, da hedimastan da zai bar masa lokacinsa.

Nan ne maganar ta iso ƙofarmu, ya ku 'yan'uwa ɗalibai. A cikin harabar jami'a ana jin masu yi wa 'yan sashen ilmin motsa jiki da kiwon lafiya ba'a, wai masu digirin guje-guje. Mai wannan ba'a bai san suna karanta ƙirar jikin ɗan Adam da aikin gaɓoɓinsa da abinci mai gina jiki da taimakon gaggawa ba. Kuma shi ne gobe zai zama hedimasta, ko sufeton makarantu, ko babban sakatare, ya tafi ofis da rainin da ya koya a nan, ya sa hannu a takardar yanka fili. Gyaran firamare daga jami'a yake farawa.

Saboda haka muna kira ga hukumomin ilmin bai-ɗaya na jihohi da su tabbatar kowace firamare tana da malamin da aka horar a wannan fanni, su mayar da darasin zuwa safiya, su dawo da duban tsabta, kuma kada a ba makarantar kuɗi lasisi sai ta nuna inda yara za su yi wasa da inda za su wanke hannu. Filin makaranta amana ce ta yaran da ba a haifa ba tukuna, bai kamata a mai da shi kasuwa ba.

Ga Ƙungiyar Ɗalibai kuma muna da shawara wadda ba ta bukatar jiran gwamnati. Makarantun firamare sun kewaye wannan jami'a. Ɗaliban likita da na jinya da na sashen ilmi su haɗa kai, kowace ƙungiya ta ɗauki makaranta guda, ta riƙa ziyartarta sau ɗaya a mako da izinin hukuma. A nemi shugabannin jami'a su buɗe wa yaran unguwa filin wasa ranar Asabar da safe. Waɗanda za su tafi hidimar ƙasa kuwa, yawancinsu aji za a ba su, to, kada su yarda a mayar da lokacin wannan darasi lokacin shara.

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Mun daɗe muna faɗar haka da baki, jadawalin makarantunmu yana ƙaryata mu. Yaron da tsargiya ta tsotse, ko zazzaɓi ya kwantar, ba zai zo jami'a ya zauna inda muke zaune ba, komai kyan manhajar da aka rubuta masa. Allah ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, mu kuma ya ba mu himmar yin namu.